Ƙarfe Nawa Ne a Can?

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san ba a ɓuya wa babban agogon nan na Harami. Ka hau soro shanya, yana kallonka. Ka leƙa taga, ga shi can a sama, fari da rana, kore shar da dare. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba. Iyayenmu da kiran salla suka san lokaci, kuma ban ji wanda ya makara zuwa kabarinsa ba. Amma Ruƙayyatu matar Yunus da agogon nan take rayuwa, don shi yake gaya mata lokacin da za ta ji muryar mijinta.

Sunana Hauwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Alhaji Tsoho, mahaifin Yunus, kuma katangar ba ta da kauri, in an soya barkono a can ni nake atishawa a nan. A gabana aka kawo Ruƙayya gidan tana amarya, doguwar yarinya mai kunya, 'yar mutanen da suka biyo ta Chadi da Sudan suna sayar da gyaɗa da kayan yaji. Iyayenta sun rasu tuni, yayanta guda ɗaya kuma an mayar da shi Chadi a wani kame da aka yi. Ita iƙama ce kawai a hannunta, takardar izinin zama. Su Alhaji Tsoho su ne 'yan ƙasa, tun kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna. Ta haifa wa Yunus 'ya'ya biyu, Lujain da ƙaninta Hatim. Ban da gidan nan, ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta a duk faɗin Makka.

Yunus mai walda ne, a tashar jiragen ruwa ta Jidda ya koyi aiki. Da aiki ya yi ƙasa, wani kamfani ya ɗauke shi zuwa Bahamas, wata ƙasa ta tsibirai a yankin Karibiyan, inda ake gyaran manyan jirage. Ranar da ya faɗa mana sunan sai da na sa ya maimaita sau uku. Mahaifiyarsa Hajiya Ɗaso ta ce, "Mutane na sayar da gona su zo Makka, kai kuma za ka bar Makka ka tafi bangon duniya?" Ya yi dariya, ya ce shekara biyu ce kawai, ya ƙarasa benen da ya ɗora a kan gidan Baba ya dawo. Ya kuwa ƙarasa shi, daga can yake aiko wa magina. Ɗaki biyu da falo, da taga mai kallon agogo.

Bayan ƙaramar salla ya tafi. Tun daren farko ya koya wa matarsa lissafin: ta dubi agogonmu, ta cire awa bakwai. Ƙarfe tara na darensu yake tashi daga aiki, ya tuƙa motar kamfani zuwa ɗakinsa, ya yi wanka, ya yi isha'i, kafin goma ya zauna. Goma ɗinsa ita ce biyar ɗin asubarmu. Don haka kullum agogo ya nuna biyar, sai in jiyo ta ta taga tana dariya ƙasa-ƙasa kamar budurwa. Ni da na daɗe da binne nawa mijin sai in ja tsaki in gyara kwanciya, amma Allah ya sani daɗi nake ji.

Wata Litinin, zafi ya fara sauka, gidan ya yi rashi biyu.

Alhaji Tsoho ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. Ya cika a ɗakinsa daf da kiran asuba, kansa a kan cinyar Hajiya Ɗaso. Kukan Lujain ne ya shigar da ni gidan. Na tarar da Majid, wan Yunus, wanda ya kwana biyu yana kwana nan saboda jikin tsohon, yana rufe masa fuska. Hajiya idonta a bushe ta dubi kowa ta ce, "Kada wanda ya buga wa Yunus. Dare ne a can, kuma shi kaɗai ne, ba mai riƙe shi. In gari ya waye musu Majid ya kira, ya ce jikin Baba ya yi tsanani. Sauran a bi a hankali."

Haka muke yi tun asali. Ba ma jefa wa na nesa labarin mutuwa gaba ɗaya, sai mu riƙa gutsura masa kaɗan-kaɗan har ya haɗiye.

Aka sallaci Alhaji a Harami bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Bayan la'asar Majid ya fara neman ƙaninsa, waya ba ta shiga. Daf da magariba, ana jera kujeru a lungu don zaman makoki, wani ɗan Sudan da suke aiki tare da Yunus ya kira. Ya ce da gari ya waye musu an ga motar a cikin wani magudanar ruwa a gefen titi, Yunus yana ciki. Tun daren Lahadi ya rasu, a hanyarsa ta komawa ɗaki, ba wanda ya ga yadda aka yi. Daga baya Musulmin tsibirin su suka yi masa sutura. Ɗan Makka, wanda aka haifa yana jin kiran sallar Harami, ga shi can an rufe shi a bakin wani teku da uwarsa ba ta iya faɗin sunansa.

Na ɗauka Hajiya Ɗaso ba za ta kai safe ba. Sai ga shi ta sami abin jingina, ta riƙe shi ƙam. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta kama hannunta ta ce, "Allah ya so su. Uban bai ji mutuwar ɗan ba, ɗan bai ji ta uban ba. Yarona ya tafi yana ganin ubansa na raye. Can suka haɗu, kowa yana mamakin ɗan'uwansa." Na ji wannan magana ya fi a ƙirga. Da ita take cin abinci, da ita take samun barci.

Ruƙayya kuwa ta shiga takaba shiru. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Mata suka riƙa yabon haƙurinta. Ni dai na lura tun ranar Litinin ɗin da safe, kafin labarin Yunus ya zo, hankalinta ba ya jikinta, har ta fasa kofunan gahawa biyu. Na ɗauka mutuwar surukinta ce ta buge ta.

Da aka yi wata guda Majid ya tayar da maganar gado. Kada a ce mugu ne, ba mugu ba ne. Mutum ne mai 'ya'ya biyar a gidan haya a unguwar Zahir, kuma masu gina otal-otal na alhazai sun daɗe suna zagayen gidan Alhaji kamar ƙuda a kan dabino. Shi kansa a otal yake aiki, wurin karɓar baƙi, a bayansa an jera agogunan biranen duniya. Kafin a je mahkama, wato kotu, ya kira Malam Awwalu, limamin masallacin lungunmu, ya yi musu bayani a gida. Maza suka zauna a falon ƙasa tare da Hajiya. Ruƙayya tana bayan labule saboda takaba, ni ina gefenta.

Malam Awwalu ba ya kewaye-kewaye. Ya ce, "Maganar a kan abu ɗaya take. In Yunus ya rayu bayan mahaifinsa, ko da numfashi ɗaya ne, ya gaje shi, rabonsa kuma ya gangaro kan 'ya'yansa da matarsa da mahaifiyarsa. In shi ya riga, to jikoki ba su da komai a gidan nan, baffansu ya tare musu hanyar gado."

Hajiya ta ce, "Ai ba wani ruɗani, Malam. Yunus Lahadi, ubansa Litinin. Lahadi ce gaba."

"La'a, ya Ummi," in ji Majid. Hausarsa rabi Larabci ce, kamar ta duk yaran da aka haifa a nan. "Ba zan ci haram ba. Daren Lahadinsu shi ne asubar Litinin ɗinmu, ya'ani lokaci ɗaya ne. Na tambayi abokan aikinsa. Ranar Lahadi wasu takwas suke tashi, wasu tara, ba wanda ya tuna lokacin da ya fita. Wayarsa ruwa ya cinye. Wallahi na bincika, ba wanda ya sani."

Malam ya shafa gemu. "In ba a san wanda ya riga ba, ba sa gadon juna. Haka hukuncin yake. Ba a raba gado da tsammani."

Majid ya gyara murya, ya juyo wajen labule. "Ummu Hatim, ki zauna har ki gama takaba, ba mai taɓa ki. Bayan nan gidan za a sayar. Ummi za ta dawo wurina. Yara kuma 'ya'yan ɗan'uwana ne, gidana gidansu ne, su taso da nawa."

Na ce ta bayan labule, tunda ba ni da kunyar kowa a wurin, "Ita uwarsu fa? A aljihu za ka sa ta?"

"Khala Hauwa, Allah zai buɗa," in ji shi. Khala suke ce mini, wato inna da Larabci.

Malam ya ce su sake bincike, zai dawo bayan Juma'a su tsayar da abin da za a kai wa alƙali.

Na san abin da "Allah zai buɗa" take nufi a bakin mai ɗaki uku da 'ya'ya biyar. Yara za su tafi Zahir, uwarsu ta shiga gari neman ɗakin haya da aikin wanke-wanke, ta riƙa zuwa ganinsu kamar baƙuwa. Benen da mijinta ya gina da guminsa kuma a rushe shi a yi wa alhazai wurin ajiye akwati. Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana.

Washegari da hantsi na hau benen. Na tarar ta rataya wani tsohon bargo a tagar nan mai kallon agogo, ɗakin ya yi duhu, ga zafi. Tana zaune a ƙasa ta yi tagumi.

Na ce, "Ke kuma wannan fa? Za ki dafa kanki ne?"

Ta ce, "Ba na son ganinsa, Khala."

Na zauna. Tana kallon tabarma ta ce, "Na san wanda ya riga."

Na ce ta yi magana.

"Baba ne ya riga. Yunus yana raye bayansa. Na yi magana da shi."

Sai ta kwashe komai ta faɗa mini, muryarta ba hawa ba sauka. Lokacin da kakar Yunus ta rasu yana Jidda, aka ce masa jiki ya yi tsanani. Ya tsaya a hanya ya sayo mata lemo da tuffa, ya zo ya tarar har an dawo daga maƙabarta. Abin bai taɓa barin ransa ba. Daren da zai tafi Bahamas ya sa Ruƙayya ta rantse masa, in wani abu ya sami Baba ta gaya masa nan take, kada a yi masa irin ta mutanenmu.

"Da Hajiya ta ce kada a buga, na hau nan na tsaya a taga. Rantsuwa a wuyana, maganar Hajiya a kunnena. Na dubi agogo, biyar ta ɗan gota. Na cire bakwai. Na ce goma ta yi, ya isa ɗaki, ya yi salla, yana zaune. In zai faɗi, a kan katifa zai faɗi. Sai na buga."

"Ya ɗauka?"

"Bugu ɗaya. Yana dariya ya ce, 'Yau sammako kika yi, Ummu Hatim.' Ban gane ba. Na ce, Yunus, Baba ya rasu. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce, 'Yaushe?' Na ce yanzu. Na ji yana kuka, yana cewa Baba, Baba. A nan ne kunnena ya buɗe, na ji ƙarar inji. Na ce, kana ina? Bai amsa ba. Na ji wata mota ta danna hon mai tsawo, na ji ƙara, sai wayar ta mutu."

Ta ɗago ta dube ni. "Ba goma ba ce, Khala. Tara ce. Yana kan hanya."

Na ce, "Wace irin tara? Ba bakwai kike cirewa ba?"

"Sun canza. A ranar suka canza. In sanyi zai shigo, mutanen can mayar da agogonsu baya suke yi da awa ɗaya, in zafi zai shigo su tura shi gaba. Ya gaya mini ana jibi... a'a, ana gobe ma. Ya ce, daga gobe takwas za ki riƙa cirewa. Na yi dariya na ce, su wane ne da za su taɓa lokaci, na gidansu ne? Sai Baba ya fara tari a ƙasa, Hajiya ta ƙwala mini kira, na ajiye wayar na sauka. Ban sake tunawa ba sai da na ji ƙarar injin nan."

Wa ya taɓa jin an mayar da agogo baya a Makka? Namu tun da aka kafa shi ba wanda ya sa masa hannu, rani da sanyi tafiyarsa ɗaya. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Jidda ba, ina za ta riƙe cewa akwai ƙasar da mutane ke kwanciya su tashi su ce awa ɗaya ta koma? Na zagi mutanen can da agogonsu a zuciyata, na zagi kamfanin, na zagi talaucin da ya kai Yunus. Duk zagin bai rage komai ba. Yini guda yarinyar nan ta yi tana raba wa masu gaisuwa gahawa, tana shiga bayan gida tana sake bugawa, tana ce wa kanta layi ne ya yanke.

Ta ce, "In na yi shiru, na cinye haƙƙin marayu, kuma a raba ni da su. In na faɗa, na ƙwace wa Hajiya abu ɗaya da ya rage mata. Lujain kuma ta san wa ya kira ubanta. Khala, ya zan yi?"

Gaba kura, baya siyaki. Na shekara sittin da ɗoriya ina ba mutane shawarar da ba su nema ba, ranar da aka nema kuma bakina ya mutu. Abin da na iya kawai, na jawo kanta na ɗora a kafaɗata. Ta ƙi yin kuka.

Ranar Asabar Malam Awwalu ya dawo. Zama irin na farko, Hajiya a kan darduma da carbi, Majid kusa da Malam, mu biyu a bayan labule. An kora yara sama. Malam ya tambaya ko an sami wani ƙarin haske. Majid ya ce babu. Malam ya ce to bismillah, ya buɗe baki zai ci gaba.

"Malam, ina da magana."

Ban taɓa jin muryar Ruƙayya a gaban maza ba sai ranar. Na kama gefen hijabinta, ban san ko hana ta nake ko riƙe ta nake ba.

"Yunus ya rayu bayan Baba. Na kira shi bayan an rufe wa Baba fuska. Ya ɗauka, mun yi magana."

Ta miƙa wayarta ta ƙarƙashin labule. Majid ya karɓa. Ya duba ranar, ya duba lokacin kiran. Na hango shi ta tsagar labule, leɓɓansa na motsi, yana cirewa. Mutumin da yake yini a gaban agogunan duniya ai ba sai an yi masa bayani ba. Na ga lokacin da ya gane. Ya ajiye wayar a kan kafet a hankali, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yana tuƙi," in ji shi. "Ya Allah. Yana tuƙi."

Carbin Hajiya ya tsaya. "Me kuke cewa? Ke Ruƙayya, me kika gaya masa?"

"Na gaya masa Baba ya rasu, Hajiya."

"Na ce kada a buga."

"Kin ce, Hajiya."

"Na ce dare ne, shi kaɗai ne. A gabanki na faɗa."

"Ya sa ni rantsuwa. Na ɗauka ya isa ɗaki. Sun mayar da agogonsu baya, ni kuma na manta."

Hajiya ba ta saurari maganar agogo ba. Ta matso da jikinta wajen labule, har ina jin numfashinta. "Ya ji ke nan? Yarona ya ji?"

"Ya ji."

"Me ya ce?"

"Ya yi innalillahi. Ya kira sunan Baba."

"Yana kuka?"

Na matse hannunta, ina roƙonta a zuciya ta yi ƙarya ko sau ɗaya a rayuwarta.

"Yana kuka, Hajiya."

Tsohuwar ta koma ta zauna daɓas. Ta ce, ba da kowa take ba, "Ashe da kuka ya tafi. Ni ina nan ina gaya wa duniya Allah ya so su."

Malam Awwalu ya yi salati, ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, wayar sanadi ce kawai, kuma ba da niyya ba ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba wanda yake da kunnen jinta a falon. Ya ce in alƙali ya tabbatar da kiran, Yunus ya gaji mahaifinsa, marayu suna da rabo a gidan. Majid ya ce, "Khalas, shi ke nan. Haƙƙinsu ne," ya tashi ya fita ba sallama.

Da na ɗaga labule zan fita, sai na ga Lujain zaune a kan matakala ta uku, ta rungume gwiwoyinta. Yarinya mai shekara goma sha biyu, Hausarta ba ta da yawa, amma ta isa ta gane wannan. Ta dubi uwarta, ta tashi ta wuce ɗakin kakarta.

Alƙali ya tabbatar. Rabon marayu ba ya sayuwa sai da izininsa, shi kuma bai ga dalilin fitar da yara daga gidan ubansu ba. Masu otal suka karkata wani lungun. Ruƙayya ta tsira da benenta da 'ya'yanta a ƙarƙashin rufi ɗaya. Majid yana zuwa duk Juma'a da cefane, ya gaida uwarsa, ya shafa kan Hatim, bai sake ɗaga kai ya dubi matakala ba. Lujain ta sauko da shimfiɗarta ɗakin kaka. In uwarta ta yi mata magana da Hausa, sai ta amsa da Larabci, kalma ɗaya, idonta a ƙasa.

Hajiya Ɗaso ba ta zagi kowa ba. Da ta yi zagi ma da ya fi sauƙi. Ba ta ce a kori Ruƙayya ba, tana cin abincin da ta dafa. Abu ɗaya ta ɗauka. Kullum ƙarfe biyar na asuba, sai in ji jan takalminta zuwa gindin matakala, ta tsaya, ta ɗaga murya:

"Ruƙayya, ƙarfe nawa ne a can?"

Daga sama amsa ta sauko: "Tara, Hajiya."

"Yana hanya ke nan."

Sai ta ja takalminta ta koma. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ina kwance a wannan gefen katanga ina ji.

Na yi haƙuri har na gaji. Wata rana na same ta tana tsince shinkafa, na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ta mutu sau nawa za ki kashe ta? Don jikokinki ta buɗe baki."

Ta ɗago ta dube ni da ido fari tas, kamar na jariri. "Tambaya na yi, Hauwa. Ita ce ta san lokacin can. Wa zan tambaya?"

Har yau ban san ko horo take yi ko kanta ne ya taɓu ba. Wataƙila ita ma ba ta sani ba. Na ce wa Ruƙayya ta daina amsawa, ta toshe kunne. Ta ce, "Uwarsa ce, Khala. In ta tambaya zan amsa." Ta rame, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Bargon yana nan a taga. Ba ta buƙatar agogo kuma, jan takalmin nan ya ishe ta.

Sanyi ya wuce, azumi ya kama, takabarta ta zo ƙarshe saura 'yan kwanaki. Wata asubar Litinin na gama sahur ina kurkure baki a tsakar gida, sai na ji takalmin.

"Ruƙayya, ƙarfe nawa ne a can?"

Na tsaya da buta a hannu.

"Goma, Hajiya. Jiya suka tura agogon gaba."

Can sai tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta ce cikin murya mai taushi, irin wadda ake lallashin yaro da ita:

"Alhamdu lillahi, ya isa ɗaki. To yanzu kina iya kiransa."

Takalmin ya koma. Daga benen na jiyo kukan da Ruƙayya ta riƙe tun ranar Litinin ɗin farko, har ladan ya kira salla ba ta tsagaita ba.